Yadda na bar zaƙi na koma ɗanyen abinci saboda ciwon sanyi

Ƙaiƙayin gaba ciwo ne da mace ba ta iya faɗarsa a cikin mutane, ba ta kuma iya sosa shi a cikin mutane. Nawa yakan taso ne in al'ada ta kusa zuwa. Sai in fara jin zafi-zafi wajen fitsari, daga nan ƙaiƙayi, daga nan wani farin abu mai kauri ya riƙa fitowa guda-guda kamar marmashin awara. Ba ya wari, amma wurin yakan yi ja ya kumbura, har tsarki da ruwa ma sai na cije baki. Da dare ya fi tsananta. Ga shakka a kan alwala, ga kwanciyar aure ta zama abin fargaba, maigida kuma ba shi da abin da zai ce ban da ko a je a sayo magani.

Ana sayowa kuwa. Kusan kowace mace a Gusau ta san haɗin da ake ƙullo mata a leda in an ce na sanyi ake so: kafso, da filajil, da wata ƙwaya guda ɗaya tilo, wani lokacin har da allura. Na sha wannan, na sha na gargajiya, na zauna cikin ruwan bagaruwa mai ɗumi, na yi turaren tsuguno. Abin ya lafa wata ɗaya ko biyu, ya dawo. Haka muka yi ta yi da shi har na daina lissafi.

Sana'ata kuwa kayan gara ce. Ina yin alkaki da nakiya da dubulan da cincin, ina da 'yan mata da ke taya ni in aiki ya yi yawa. Wanda bai taɓa tsayawa gaban tukunyar sukari ba ba zai gane yawan zaƙin da mai wannan sana'a take haɗiya a yini ba tare da ta zauna cin komai ba. An ɗora sukari a wuta, an matsa lemon tsami don kada ya daskare a jikin dubulan, sai a ɗanɗana a ji ko tsamin ya yi. An tsoma alkakin farko, sai a gutsura a ga ko ya sha har ciki. Wanda ya karye ba a sa shi a bokitin amarya, ba a kuma zubarwa, baki ake kai shi. Nakiya in ana daka ta da zuma da man shanu da citta da kanumfari, ƙamshin kaɗai ya isa ya sa hannu ya miƙa kansa. Bayan wannan ga shayin safe da cokali uku, ga zoɓo mai sanyi saboda zafin murhu, ga furar yamma da ba na sha sai an zuba mata sukari.

Ƙanwar maigidana da ke karatu a Sakkwato ce ta turo mini bayanin a waya. Ta ce akwai mutane a Amurka da Turai da ke cin ɗanyen abinci zalla, ba sa cin abin da zafinsa ya wuce digiri 48, kuma wasu matansu masu irin ciwona suna haɗawa da barin duk wani zaƙi. Dalilinsu shi ne abin da ke jawo ƙaiƙayin wata ƙwayar halitta ce dangin yis, ana kiranta kandida, ita kuma sukari ne abincinta. Wannan magana ta shige ni nan take, domin da hannuna nake jiƙa yis a ruwan ɗumi, kuma na sha gani da idona: in ba a sa masa sukari ba sai ya yi lamo, ana barbaɗa masa ɗan kaɗan sai ya hau kumfa. Na ce to bari in hana ta abincin in gani.

Na fara a watan Disamba na 2024, kuma lokacin ya taimake ni. Hunturu ne, kayan lambu sun cika kasuwar Tudun Wada, na fadamun kusa da na noman rani na wajen Bakolori: latas, kabeji, karas, tumatir, gurji, koren tattasai, albasa mai lawashi, yalo, duk da araha. Na cire sukari, na cire zuma da mazarƙwaila da rake da dabino da lemon kwalba. Na cire biredi da fanke. Na bar tukunya ga maigida da yara, ina dafa masu tuwonsu da shinkafarsu, ni kuma in koma gefe da farantina.

Wanki ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma ban yi masa wasa ba. Duk wanda ya ga abin da kwalara ta yi a Zamfara da sauran jihohin Arewa a 2021 ba zai ɗauki latas daga faifan mai talla ya kai baki ba. Nakan ware ganyen ɗaya bayan ɗaya, in wanke ƙasar da ke maƙale a gindinsa, in jiƙa a ruwa mai tsabta da ɗan khal, in ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce. Karas da gurji ina fere su. Abin da aka riga aka yanka a kasuwa, kamar kankanar da ake ɗaurewa a leda, ban taɓa saya ba. Akwai kuma abubuwan da tun farko na san ba a cin su ɗanye ko wa ya faɗa. Ɗanyen rogo yana da guba, ɗanyen wake yana ɓata ciki, nonon da ba a dafa madararsa ba kuma yana iya ɗauko cuta daga jikin saniya.

Da safe nakan ci gurji da tumatir da ɗanyar gyaɗa da na jiƙa tun dare. Da rana babban faranti na kabeji da latas da karas da albasa, in matsa lemon tsami, in zuba man gyaɗa da riɗi da garin zogalen da aka shanya a inuwa. Ƙuli-ƙuli soyayye ne, ya saɓa ƙa'idarsu, amma na bar shi a ciki, don kwaɗo babu ƙuli ba ya shiga. In yunwa ta matsa sai in tauna aya da kwakwa, ko in daka gumbar gero da citta da masoro ba tare da zaƙi ba. Kunun aya ma na riƙa yi ba dabino, kaɗan-kaɗan, don ba ya jimawa yake tsami.

Barin dafaffen abinci bai ba ni wahalar da barin zaƙi ya ba ni ba. Kwanakin farko kaina ya yi ta sara, raina kuma ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba. Bayan la'asar ne lokacin da ya fi tsanani. Cikina a cike yake, amma bakina yana neman wani abu, in tashi in buɗe kwano in rufe, in dawo in zauna. Abin da ya riƙa fitar da ni a wannan lokacin shi ne ruwan zafi da citta da kanumfari da na'ana'a, in riƙe kofin da hannu biyu in sha a hankali, ko in jefa ƙwayar kanumfari a baki, ko in ɗauki asuwaki. Na lura kwaɗayin ba ya zama. Yana zuwa da ƙarfi, in aka ba shi ɗan lokaci ba a biya masa ba sai ya sauka.

Ga shi kuma lokacin biki ne. Daga Disamba har watan Sha'aban kowa na son ya kai 'yarsa ɗaki kafin azumi, aiki ya yi mini yawa fiye da kowane lokaci a shekara. A nan na koyi gwada sukari ba da harshe ba. Ina ɗiba da cokali in bar shi ya ɗan huce, in shafa tsakanin babban yatsa da manuni in buɗe. In ya ja zare ɗaya siriri ya tsinke, ya yi na dubulan. In ruwa-ruwa ne, da saura. In zaren ya yi kauri yana riƙe yatsa, ya wuce, sai a ƙara ruwa. Tsami kuma na bar wa babbar cikin 'yan matan ta riƙa ɗanɗanawa, ta ce, "Anti, a ƙara rabin lemo," in ƙara. Karyayyen alkaki na sa aka riƙa tara shi a roba mai murfi ana raba wa yaran maƙwabta kafin magariba, don kada ya kwana a gabana.

Inna, mahaifiyar maigidana, ta zo daga Ƙauran Namoda ta iske ni da farantin ganye ana sanyi. Ta dube ni ta dubi farantin ta ce, "Ke ɗiyata, mi as same ki kik koma cin haki? Ko babu hatsi gidan?" Ban iya gaya mata ainihin dalilin ba, ba maganar da ake yi da suruka ba ce. Na ce mata zaƙi ne ya yi mini yawa a jiki. Ta ce, "Awo, zaƙi kam shina da illa. Amma ki sha ko kunu da sahe, ciki ba ya zama babu ɗumi." Ta tafi ta bar mini ƙullin garin kunu, na ajiye.

Bayan 'yan makonni sai harshena ya canza. Karas ya koma mini abu mai zaƙi sosai, na fara jin zaƙin da ke cikin tumatir nunanne da albasa, abin da da ban san yana nan ba. Wata rana zoɓon da na haɗa wa baƙi ya taɓa mini leɓe, na ji ya yi zaƙin da ba zan iya haɗiyewa ba, alhali ma'aunin da na saba ne. Nauyin jikina ya ragu, kasalar bayan azahar ta tafi, tashin fitsarin dare ya ragu. Ƙaiƙayin ma ya yi sauƙi, al'ada ta zo ta wuce bai taso da ƙarfinsa ba. Sai dai sanyi ya riƙa ratsa ni fiye da kowa a gidan, in na miƙe da sauri daga gaban murhu sai jiri ya ɗebe ni, kuma gashina ya fara zuba a mataji.

Azumin 2025 ya kama a watan Maris, zafi ya fara shigowa. A nan tsarin ya gagara. Sahur da kabeji da gyaɗa ba ya kai mace azahar in tana aiki. Na koma shan kunun Inna ba sukari, na ƙara gumba. Buɗa baki kuma da dabino ake yi, na ce ɗaya ba komai, ɗaya ya zama uku. Mangwaro ya shigo, shi ma ɗanye ne, ƙa'idar ba ta hana shi ba. A goman ƙarshe ciwon ya dawo da duk ƙarfinsa, ranar sallah da ƙyar na iya zama a kan tabarma.

Wata maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce ta ce kada in sha komai, kada in saka komai, in je asibiti a haka yana kan ganiyarsa, don in an sha magani gwajin ba ya nuna gaskiya. Na je bayan sallah. Likitar mace ce, ta saurare ni har na gama, ta duba ni, aka ɗebi ruwan da wani tsinke mai auduga a kai aka kai ɗakin gwaji. Sai ta tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata a kan wannan ciwo: "Hajiya, kina yawan jin ƙishirwa? Kina tashi fitsari da dare? Akwai mai ciwon suga a gidanku?" Na ce mahaifina da gwaggona. Ƙishirwa kuwa na daɗe ina ɗora ta a kan zafin murhu. Ta ce in dawo da safe ban ci komai ba a auna jinina.

Gwajin farko ya tabbatar kandida ce. Na jini kuma ya ɗan haura 7.0, wanda shi ne iyakar da ake cewa mutum ya shiga ciwon suga in an auna shi bai ci komai ba. Aka sake a wata rana, aka yi wani gwajin da ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, duk suka yi daidai da juna. Likitar ta ce, "In bayan kin bar sukari wata da watanni ya tsaya a nan, ki yi tunanin inda yake lokacin da kike sha."

Bayanin da ta yi mini shi ne abin da na fi son mata su ji. Ta ce kandida ba baƙuwa ba ce, tana zaune a jikin mata da yawa lafiya lau, a hanji da fata da gaba. Akwai wasu bakteriya masu amfani da ke sa gaban mace ya zama da ɗan tsami, su ne ke taka mata burki. In aka kashe su, ko aka ba ta dama, sai ta yaɗu. Kusan mace 3 cikin 4 za ta gamu da ita ko sau ɗaya ne a rayuwa, wadda kuma yake dawo mata sau 3 ko 4 a shekara ita ce ake neman dalili. Dalilan kuwa sanannu ne: juna biyu, ciwon sugan da ba a kula da shi ba, raunin garkuwar jiki, da shan maganin kashe bakteriya. Wato kafson nan da ke cikin haɗin sanyi ba ya taɓa kandida, masu gadin yake kashewa ya bar mata fili. Ta ce ba a ɗaukar ta a masai kamar yadda ake yaɗawa, kuma ba lallai a ba miji magani ba sai in shi ma yana da alamu. Akwai kuma wasu cututtukan da ke kawo ruwa mai ƙarni ko mai launin kore-kore, su maganinsu daban ne, shi ya sa gwaji yake gaba da magani.

Na tambaye ta maganar abinci kai tsaye. Ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce babu ƙwaƙƙwarar hujjar likitanci da ta nuna macen da sugan jininta yake daidai za ta warke daga wannan ciwo don kawai ta bar zaƙi, kuma yis ɗin biredi da kandida ba abu ɗaya ba ne. Amma mai suga irina, in jinin ya cika da shi yana fita a fitsari da ruwan jiki, yana kuma raunana ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, don haka barin zaƙin da na yi shi ne ya kawo sauƙin da na gani. Ɗanyen abinci zalla kuwa ta ce in bari. Kandida ba ruwanta da ko an dafa ko ba a dafa ba, kuma dabino da mangwaro duk da ɗanyu ne suna ɗaga suga, busasshen dabino ma kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Jirin da zubar gashin alamar jiki bai samun abin gina shi ne, kuma mace in ta daɗe a haka jininta na iya yin ƙasa, al'adarta ma ta rikice.

Sai ta zo kan matsi. Ta tambaya ko ina sakawa, na ce ina yi kamar kowa, miski bayan al'ada, da haɗin da ake kwaɓawa da zuma. Ta ce in daina duka, in daina wanke ciki da sabulu ko da yatsa, ruwa a waje ya isa. Wannan ita ce maganar da har yau take ci mini rai. A ƙasar nan tamu da aka san mu da kayan mata, yarinya tun kafin ta tare ake ɗura mata gumba da tsimi masu zuma da mazarƙwaila, a ba ta abin da za ta cusa a jikinta wanda ba wanda ya san me aka haɗa a ciki. In ƙaiƙayi ya kama ta a watan farko, kunya ta hana ta faɗa, ko a ce daga mijin ne, ko shi ya ce daga gidansu ta zo da shi. Na san auren da wannan zargi ya girgiza, alhali abin da ya jawo ciwon yana cikin akwatin amaryar.

Aka ɗora ni a kan fulukonazol mai miligiram 150, da farko ana ba da tazarar kwana uku tsakani, daga baya sau ɗaya a mako har wata shida, wanda shi ne tsarin da ake yi wa mai ciwon da ke yawan dawowa. Aka ba ni metfomin na suga. Na canza wandunan ciki na koma na auduga, ina shanya su a rana ba a bayan ƙyaure ba, in na yi gumi a gaban wuta kuma ina canzawa.

Na koma tukunya, amma ba yadda nake da ba. Rabin farantina ganye ne, ɗanye ko dafaffe, kuma shi nake fara ci. Tuwon dawa ko hoce kaɗan, wake, ƙwai, kifi, nama in ya samu, kwaɗon zogale da rama. Gwanda ko goba ko lemo ina cin su da tsokarsu, ba na matse ruwan in sha. Fura rabin dunƙule da nono ba sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya wuce kimanin cokalin shayi 12 a yini ga babban mutum, in ya tsaya a 6 ya fi. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗaukar kusan 9. Da wannan lissafin na rage na shayin yara a hankali, ba su ma lura ba sai da aka kai rabi.

Ba na nadamar watannin da na yi a kan ɗanyen ganye, don su suka karya mini harshe, kuma da ban riga na rabu da zaƙi ba, ranar da aka ce ina da suga da abin ya zo mini da nauyi biyu. Amma macen da ta tambaye ni yau ba na ce mata ta fara daga nan. Ina ce mata ta je a ɗebi ruwan a auna, a auna jininta, sannan a yi maganar faranti. Na gama maganin wata shidan, ƙaiƙayin bai dawo ba, sugan kuma ana bibiyarsa a asibiti.

Kwanan baya ƙanwata ta zo da cikinta wata biyar, ta ja ni ɗaki ta ce, "Yaya, ba ki da sauran ƙwayar nan taki? Abin nan ya hana ni barci." Akwai saura a durowa, amma likita ta riga ta ja mini kunne cewa mai ciki ba ta shan wannan ƙwayar. Washegari na raka ta wajen awo. Suka duba ta, suka ba ta kulotirimazol na sakawa na kwana bakwai, na kuma roƙi a auna mata suga tunda mahaifinmu ɗaya. Nata ya fito daidai, an ce ta dawo a sake aunawa in cikin ya shiga wata na bakwai.